Zayyana, Nisa da Kusa, ko Tsarin Shafi: Da Wanne Malamin Zane Zai Fara?

Malamin da aka ba darasin zane a ƙaramar sakandare yana cikin wani hali da malamin lissafi bai san shi ba. Malamin lissafi kusan kullum yana shiga aji. Shi kuwa malamin zane, darasinsa a ƙarƙashin fannin al'adu da fasaha yake, inda aka gwama zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu, sannan a ba shi minti 40 sau ɗaya ko sau biyu a mako. Zangon karatu mako 12 ne ko 13, kuma idan aka cire makon dawowa hutu da na bita da na jarrabawa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ga aji cike maƙil, ga yara da yawa ko fensir mai kyau ba su zo da shi ba. Ba yadda za a yi ya koyar da komai da kyau, tilas ya zaɓi inda zai sa ƙarfinsa.

Abubuwa uku ne galibi ke rububin wannan ɗan lokaci. Akwai zayyana, zanen ado da ake ginawa daga da'ira da alwatika da murabba'i, ana maimaita su bisa ƙa'ida. Akwai zanen nisa da kusa, dabarar da ke sa takarda shimfiɗaɗɗiya ta nuna zurfi, har mai kallo ya ga titi ya miƙe ya shige cikin hoto. Sai tsarin shafi, wato sanin inda kowane abu zai zauna a hoto, wanne za a girmama, wanne za a ƙanƙanta, ina za a bari fili. Ra'ayina shi ne a aji ɗaya a fara da zayyana, a riƙa cusa tsarin shafi cikin kowane aiki tun ranar farko, a jinkirta nisa da kusa na rula sai aji biyu ko uku. Amma akwai malaman da wannan jeri bai dace da su ba, kuma ita kanta zayyanar tana da ramin da ake yawan faɗawa.

Gardamar ba yau ta fara ba a Najeriya. Aina Onabolu ya yi karatun zane a Landan da Faris daga 1920 zuwa 1922, ya dawo Legas yana koyarwa a makarantu, kuma abin da ya fi dagewa a kai shi ne a zana abu yadda ido ke ganinsa, da cikakkiyar ƙa'idar nisa da kusa. Yana da dalilinsa. A zamaninsa Turawa da dama na ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan zane ba, shi kuma ya ɗaura ɗamarar ƙaryata su. A 1927 Kenneth Murray ya iso daga Ingila domin koyar da zane, sai ya bi wata hanya daban. Shi a ganinsa a bar yaro ya yi gini a kan abin da ya tarar a gida, sassaƙa da ginin tukwane da zanen gargajiya, maimakon a jibga masa ƙa'idojin makarantun Turai. Ben Enwonwu, shahararren mai zane da sassaƙa, na cikin ɗalibansa. A 1958 kuma ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu suka ce a haɗa biyun, a ɗauki dabarar Bature a yi aikin gida da ita. Maganarsu daidai ce, sai dai su ɗaliban kwaleji ne masu ɗakin zane da shekaru a gabansu. Mai minti 40 dole ya san wanne zai riga shiga aji.

Zayyana

Babban ƙarfin zayyana a ƙasar Hausa shi ne yaro ya san ta da ido tun kafin ya taka makaranta. Tana kan hular babansa. Tana kan faifan da ake rufe ƙwarya da shi, da jikin ƙwaryar, da tabarma, da lallen da yayarsa ta sha ranar Sallah. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani allon zayyana ake yi masa. Dagi na nan a bangon zaure da ƙofofin gidajen sarauta a Kano da Zariya da Katsina, haka a tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram. Alamar nan mai tsini takwas da ke nuna rubu'in izifi a bugun Alƙur'ani da yawa ba komai ba ce illa murabba'i biyu, an juya ɗaya da digiri 45 an ɗora shi kan ɗan'uwansa. Malami ya zana ta a allo ya tambayi wa ya taɓa ganinta, zai ga hannuwa sun tashi. Aikinsa kawai ya nuna musu yadda aka haɗa abin da suka saba gani.

Ga darasin farko da ba ya ba da kunya. Kowane yaro ya buɗe kamfas ya zana da'ira, kada ya ƙara taɓa buɗewar kamfas ɗin. Ya ɗora tsinin a ko'ina a kan layin da'irar, ya ja baka daga gefe zuwa gefe ta cikin da'irar. Ya mai da tsinin inda bakan ya yanki layin, ya sake ja. Idan ya yi haka sau shida zai dawo daidai inda ya fara, fure mai kunne shida ya bayyana a tsakiya. Ya haɗa ɗigo shidan da rula, ya sami siffa mai kusurwa shida. Ya haɗa su yana tsallake ɗaya, ya sami alwatika biyu a sarƙe, tauraron nan na jikin tsohon kwabo mai huji da anini da kakanni ke ba da labari. Duk a darasi ɗaya, kuma yaron da bai taɓa yarda ya iya zane ba zai tashi da abin nunawa a gida. In na wani bai dawo inda ya fara ba, ba sai an yi dogon bayani ba. Ko kamfas ya motsa, ko tsinin bai zauna a mahaɗa ba, kuma yaron da kansa zai gani a takardarsa.

Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga mai koyar da aji mai cunkoso. Aikin da ke nuna wa yaro kuskurensa da kansa yana rage wa malami zagayen benci-benci, kuma na kusa da shi da ya gane zai iya gyara masa. Kayan aikin ma ba sa cin kuɗi. Inda babu kamfas, a yanki siririn kwali a huda shi wuri biyu, ƙusa a huji ɗaya, fensir a ɗayan. Marfin kwalba da gwangwanin madara na ba da da'ira iri biyu. Littafin lissafi mai gida-gida ya wadatar wajen duk zanen da aka gina kan murabba'i. In takarda ta yi wuya, a fita fili da igiya da ƙusa a zana a ƙasa, yadda ake fitar da kewayen ɗaki ko rumbu kafin a fara gini.

Sannan malamin lissafi zai gode maka, ko bai faɗa ba. A yanka wa yara kwalaye masu kusurwa uku, huɗu, biyar da shida, masu gefe daidai, a ce su rufe saman benci da iri ɗaya ba tare da barin giɓi ba. Uku za su yi, ɗaya zai ƙi. Dalili shi ne kusurwar alwatika digiri 60 ce, ta murabba'i 90, ta mai kusurwa shida 120, kuma kowace tana shiga 360 cif, wato digirin da ke kewaye da wurin da kusurwoyin ke haɗuwa. Ta mai kusurwa biyar 108 ce, uku sun ba da 324, saura 36 da ba abin da zai cike ta. Yaron da ya yi fama da wannan giɓi da yatsunsa ba zai manta jimlar kusurwoyi ba. Tun ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani a Bagadaza ya rubuta littafi musamman domin masu sana'ar hannu a kan irin lissafin da suke buƙata, don haka dangantakar zayyana da lissafi tsohuwa ce. Shi ma mai zane M. C. Escher ɗan ƙasar Holan, zayyanar bangon fadar Alhamra ta Andalus da ya je ya kwafa a 1922 da 1936 ce ta sauya masa alƙibla.

Yanzu ga ramin. Zayyana ta fi komai sauƙin rikiɗewa ta koma kwafi. Malami ya zana dagi a allo, yara su kwafa, su shafa kala, a ba da maki, mako mai zuwa a sake wani. Zango ya ƙare an cika littafi da kala, ba wanda ya ƙirƙiri komai. Maganin abin shi ne a ba da ƙa'ida, kada a ba da hoto. A dagi, misali, ƙa'idar ita ce layi ya bi ta sama, a mahaɗa ta gaba ya bi ta ƙasa, bi da bi har ya koma mafarinsa. A jera musu ɗigo-ɗigo a ce su zagaya da layi bisa wannan ƙa'ida, sannan a ce kowa ya ƙara ɗigo ko ya rage ya ga abin da zai fito. Nan za ka ga dagi iri-iri a aji ɗaya.

Akwai kuma abin da malamai masu son tsafta ke mantawa. Zayyanar Hausa ba duka ce ta kamfas ba. Maginin da ke zanen bango da hannunsa yake bi a kan ɗanyar ƙasa, layinsa na ɗan karkata, yana ɗan kumbura, kuma kyansa ke nan. Mai zana babbar riga kafin a kai wa mai ɗinki shi ma da alƙalami da tawada yake yi, idonsa ne ma'auninsa. Malamin da ya ƙi karɓar komai sai wanda rula ta daidaita, zayyanar Maroko da Farisa yake koyarwa, ba tamu ba. Ba laifi ba ne, amma ya san abin da yake yi, ya kuma ware darasi biyu ko uku na hannu zalla.

Rauni na ƙarshe shi ne wanda ba shi da magani a cikin zayyanar kanta: ba ta koya wa ido kallon duniya. Yaro na iya ƙwarewa a tauraro mai tsini goma sha biyu, a ajiye masa buta a gabansa ya rasa ta inda zai fara.

Nisa da kusa

Wannan gurbin nisa da kusa ke cikewa. Tushen iliminsa ma ba baƙo ba ne gare mu. Ibnul Haisam ne a Alƙahira, farkon ƙarni na 11, ya bayyana cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido a miƙe, ba ido ne ke aika haske ba. Aka fassara aikinsa zuwa Latin, Turai ta yi ƙarnoni tana karantawa. Wajen 1420 magini Filippo Brunelleschi ya gwada dabarar a aikace a birnin Fulorens na Italiya, a 1435 kuma Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinta ga masu zane. Ƙa'idar gajera ce. Abu in ya yi nisa yana ƙanƙancewa. Layukan da ke tafiya a jere, irin ƙarafan layin dogo, a ido suna matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya, kuma ɗigon nan a kan layin ido yake, wato daidai tsayin idon mai kallo daga ƙasa.

Faɗar ta da sauƙi, shigarta kan yaro ke da wuya, domin yaro abin da ya sani yake zanawa, ba abin da yake gani ba. Ya san bakin bokiti zagayayye ne, sai ya yi masa cikakkiyar da'ira ko da daga gefe yake kallonsa. Ya san tebur ƙafa huɗu gare shi masu tsayi ɗaya, sai ya baje su duka. Ba daƙiƙanci ba ne, matakin girma ne. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane da ya yi aiki a Amurka, ya lura tun shekarun 1940 cewa sai wajen shekara 12 yawancin yara ke fara damuwa da zurfi da daidaiton girma a zanensu. A ajin farko na ƙaramar sakandare kuwa akwai ɗan shekara 10, akwai ɗan 14 a benci ɗaya. In ka kawo rula da ɗigon haɗuwa da wuri, manyan za su gane, ƙananan su haddace.

Kowa ya san sakamakon haddar: titi ɗaya miƙaƙƙe, falwaya a gefe, rana na faɗuwa a tsakiya, aji duka hoto ɗaya. Ka ce wa yaron ya zana cikin ɗakinsu da wannan ƙa'ida, sai ya tsaya yana kallonka.

Wanda zai koyar da shi yadda ya kamata, ya fitar da yara daga aji. A tsaya a ƙarshen barandar makaranta a dubi ɗaya ƙarshen. Kowa ya rufe ido ɗaya, ya miƙa hannu da fensir a tsaye, ya auna tsayin ginshiƙi na kusa da babban yatsa, sannan ya auna na can ƙarshe. Za su yi musu da abin da fensir ya nuna musu, kuma musun nan shi ne darasin. Sai a jera yara biyar masu tsayi kusan ɗaya a tsawon barandar, tazara tsakaninsu, sauran su kalle su a tsaye. Kawunansu duka kusan a layi ɗaya za su bayyana, ƙafafunsu ne ke hawa sama a hoton yayin da suke nisa. In aka sa masu kallon suka tsuguna, komai ya sauya, layin ido ya sauko, na kusa ya yi musu tsororuwa. In akwai taga mai gilashi, yaro ya tsayar da kansa wuri ɗaya ya bi layin ginin da ke waje da alƙalamin maka a jikin gilashin, zai ga da hannunsa ya ja layin rufi a karkace alhali ya san a miƙe yake. Gani ya kori ji.

A kula da abin da za a ba su su zana. Ƙa'idar rula da gini mai miƙaƙƙen layi take aiki, irin ajin makaranta ko shagunan kasuwa na bulo. Lungun tsohon birnin Kano ko na Zariya ba ya miƙewa, bangon tubali kuma kauri gare shi a gindi, yana sirancewa zuwa sama har ya ƙare da zanko. Wanda ya ce wa ɗan koyo ya zana irin wannan da ɗigon haɗuwa ɗaya ya haɗa shi da aiki. Amma akwai hanyoyin nuna zurfi da ba ruwansu da rula, kuma su ya kamata a fara ba ƙanana: abu ya tare wani ɓangare na wanda ke bayansa, na nesa ya ƙanƙance, ya ɗan haura sama a shafi, kalarsa ta kuma dushe. Wannan na ƙarshe ba mu da buƙatar littafi a kansa. Lokacin hunturu a dubi Dutsen Dala ko Goron Dutse daga nesa cikin hazo, a kwatanta shi da bishiyar da ke bakin ƙofar makaranta. Fensir ɗaya, a danna a nan, a sassauta a can, zurfi ya fito.

Ta fuskar tsada, nisa da kusa ya fi zayyana cin komai. Yana son doguwar rula da magogi da takarda mai faɗi. Yana son malami ya tsaya kan kowane yaro, domin a nan kuskure ba ya tona kansa: yaro zai kai layi ɗaya ɗigon da ba nasa ba, hoton ya ɗan yi wani iri, shi kuma bai san me ya jawo ba. Sama da duka, yana son malamin da shi kansa ya gane. A makarantu da yawa darasin zane wanda jadawalinsa ke da sarari ake ba, ba wanda ya karanci fannin ba. Irin wannan malami zai iya zama dare ɗaya da kamfas ya koyi furen nan mai kunne shida, gobe ya koyar da shi daidai. Nisa da kusa ba ya koyuwa a dare ɗaya, kuma in aka koyar da shi a karkace, gyaransa ya fi koyarwar farko wuya.

Duk da haka ba abin yarwa ba ne. Mai son karatun zanen gine-gine ko injiniya ba makawa sai da shi. Kafinta ko mai walda da zai iya zana wa mai saye kujera ko ƙofa yadda za ta bayyana ya fi wanda sai dai ya kwatanta da baki. Masu zanen labarai da katun kullum cikinsa suke.

Tsarin shafi

Shi wannan, kuskuren da ake yi shi ne ɗaukarsa a matsayin babi da za a ba mako biyu a wuce. Duk wanda ya ɗora fensir a takarda ya riga ya yanke shawarar tsari, ko ya sani ko bai sani ba. Dubi aikin yaran aji ɗaya: ɗan ƙaramin abu a tsakiyar shafi ko a maƙale a kusurwa, sauran takardar fayau. Gyaran wannan ba ya buƙatar lacca. A yanke taga mai kusurwa huɗu a jikin kwali, yaro ya riƙe ta a gabansa ya dubi buta da kwano da tulu da aka ajiye a tebur, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya karkata, har ya sami inda suka zauna masa. Kafin ya taɓa babbar takarda ya yi ƙananan gwaji uku ko huɗu, kowanne bai fi faɗin akwatin ashana ba, ya zaɓi ɗaya ya faɗi dalili. Ga ƙanana, a yanka siffofi daga takarda mai kala su yi ta matsar da su a kan shafi kafin a liƙa da sitaci.

Mafi kyan misalin da malami zai shigo da shi aji babbar riga ce mai aska takwas. A baje ta a gaban allo. Nauyin aikin duk yana gefen hagun mai sanye da ita, kan aljihu, askake na zubowa ƙasa da tsininsu, ɗaya gefen kuma tambari ne zagayayye da fili mai yawa. Ɓangarorin biyu ba iri ɗaya ba ne, amma rigar ba ta rinjaya gefe ba. Yaron da zayyanar kamfas ta koya wa cewa daidaito shi ne hagu ya yi kama da dama, a nan zai ga akwai wani daidaiton da ya fi wannan zurfi. Layukan nan huɗu da kyamarar waya ke rabawa hoto gida tara ma abin amfani ne, muddin an gaya musu shawara ce ba doka ba.

Matsalar tsarin shafi a wajen ba da maki take. Zayyana ko ta rufe ko ba ta rufe ba. Nisa da kusa ko layuka sun haɗu ko ba su haɗu ba. Tsari kuwa ra'ayi na shiga, kuma yara na saurin zargin son kai. Abin da ke rage wannan shi ne a faɗi abin da za a duba tun kafin a fara: an cika shafi, akwai abin da ido ke fara sauka a kai, an kawo ƙananan gwajin. Ga wanda zai ci abinci da zane kuwa, wannan ne ya fi saurin kawo kuɗi. Yaron da zai zauna a shagon buga katin biki da fosta yana aiki da CorelDraw ko Canva, kwamfuta za ta ja masa layi ta zuba masa kala, amma ba za ta gaya masa sunan amarya ya yi ƙanƙanta ba.

Iyaye, jarrabawa, da wanda zai sauya jeri

Akwai batun da littattafan koyarwa da aka rubuta a wasu wurare ba sa taɓowa. Iyaye da yawa a Arewa ba sa son a sa 'ya'yansu zana abu mai rai, saboda hadisan da suka zo kan masu yin surori, kuma malami mai hankali ba zai mai da ajinsa fagen jayayya ba. Zayyana ba ta da wannan matsala ko kaɗan, shi ya sa ta dace da zangon farko, lokacin da ake neman iyaye su saki jiki da darasin. Nisa da kusa da tsarin shafi ma ana koyar da su cikakku da gini da bishiya da kayan ɗaki. Inda maganar ke tasowa shi ne babbar sakandare, kuma kafin nan wanda ya zaɓi fannin ya san abin da ya zaɓa.

Ga wanda ya bi jerin da na kawo, akwai aikin da ke haɗa zayyana da nisa da kusa a aji biyu, kuma da shi nake ganin ya fi kyau a shiga ƙa'idar rula. A ja layi a ƙasan shafi a raba shi gida takwas daidai. A ja layin ido a sama, a sa ɗigo a tsakiyarsa, a kai kowane rabo zuwa ɗigon. Sannan a sa wani ɗigo a kan layin idon can gefe, a ja layi daga kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen zuwa gare shi. Duk inda wannan layi ya yanki ɗaya daga cikin na farko, a ja layi a kwance. Daɓen tayil ne zai fito yana shigewa ciki, gidajensa na matsewa da kansu ba tare da an ƙiyasta ba. Sai kowa ya ɗauko zayyanar da ya yi bara a littafi mai gida-gida ya kwantar da ita gida bayan gida a kan daɓen. Da abin da ya riga ya iya ya shiga abin da bai iya ba.

Malamin babbar sakandare da ke shirya ɗalibai wa jarrabawar zane ta WAEC ya juya jerin. A can akan ajiye wa ɗalibi kaya ko tsiro ko mutum a ce ya zana abin da yake gani, don haka awo da fensir, bakin kwano a karkace, inuwa da cika shafi su ne abin yi kullum, zayyana kuma a ajiye ta ga ɓangaren zanen atamfa da tambari. Malamin da makarantarsa ke da ƙwararren mai koyar da fasahar ƙere-ƙere, ya je ya tambaye shi me yake koyarwa, domin zanen akwati da rula da nisa da kusa mai ɗigo ɗaya na cikin abin da ake yi a can. In ana yi da kyau, ba dalilin maimaitawa. Ya bar musu rula, shi ya riƙe kallo da ido da hazo da tsari. Malamin firamare kuwa kada ya kusanci ɗigon haɗuwa sam, ninke takarda da yanka ta da buga zane da yankakken dankali sun ishe shi.

Wanda aka ɗora wa darasin alhali ba fanninsa ba ne, ya tsaya kan zayyana da tagar kwali har ya sami wanda zai nuna masa nisa da kusa a aikace. Kafin nan ya nemi izinin shugaban makaranta ya gayyato mai zanen hula ko magini mai zanen bango daga cikin gari, ya ba shi darasi ɗaya, ya roƙe shi ya zana a hankali yana faɗin sunan kowane zane da inda ake fara shi, yara na rubutawa.